Sunan Matar Gidan

Madara ta fara tasowa a tukunya, matar gidan kuwa ta ba murhu baya tana laluben makullin mota a jaka. Auta na tsaye a bakin ƙofar kicin, rataye da jakar makaranta, tana kallon kumfa na hawa. Ta yi gyaran murya. Matar ba ta juyo ba. Ta ƙara da ɗan tari. Shiru. Murhun nasu ba shi da abin murɗawa, shafa shi ake yi, ita kuma ba ta riga ta koyi inda ake shafawa ba. Madara ta yi ambaliya, ƙauri ya cika kicin.

Matar ta juyo da sauri ta janye tukunyar. Ta dubi murhun, ta dubi Auta.

"Kina gani?"

"Ina gani."

"Me ya hana ki kira ni?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kin san sunana kuwa?"

"Na sani."

"To faɗa."

Sunan ba shi da wuya, ko jariri zai iya. Matsalar ita ce matar ta girmi Umman Auta, har da furfura a gefen kunne, kuma Auta, shekararta goma sha shida a duniya, ba ta taɓa buɗe baki ta kira sa'ar uwarta da suna gatsal ba.

Shirin musayar ɗalibai ne ya kawo ta wannan baƙuwar ƙasa. Ita za ta shekara a nan tana karatu, 'yar matar gidan kuma tana can gidan su Auta, a kan gadon Auta. Tun ranar da ta sauka take neman abin da za ta riƙa kiran matar nan. Ta gwada Anti, matar ta ce ita ba ƙanwar babanta ba ce. Ta gwada Madam, ta ce ai ba a shago suke ba. Ta gwada Mama, ta ce Mama tana can gida, ba za ta ƙwace wa wata matsayi ba. Da ta haɗa "maman" da sunan 'yar, yadda mutanen kirki ke yi, sai matar ta ce, "Ina da suna tun kafin in haife ta." Sau ɗaya Auta ta yi yunƙurin bayani. Yaren nasu bai zauna mata a baki ba tukuna, iyakar abin da ta iya haɗawa shi ne, "Ke tsohuwa ce." Ranar an gama cin abinci ba wanda ya sake magana.

Maigidan direban jirgin ƙasa ne. Shi ma ba ta kiran sunansa, amma har yau bai lura ba.

Abin haushin shi ne Auta na son matar. Ita ce ta ga tana rawar sanyi ta ƙara mata bargo ba tare da ta tambaya ba. Ita ta kwashe kayan 'yarta daga kabad ta ba ta wuri, ta durƙusa a ɗakin da waya a hannu tana juyawa har ta gano mata alƙibla. Auta kuwa duk godiyar da take yi a zuciya take yinta.

Yau ce ranarta ta farko a makaranta. Matar ta sauke ta a bakin ƙofa, ta ce za ta biyo ta ɗauke ta idan ta tashi daga shagon tabarau inda take aiki. Ba ta yi murmushi ba.

Malamin ajin dattijo ne mai sanƙo, tsaransa a unguwar su Auta jikoki ke kai masa buta. Ya rubuta sunansa na yanka a allo ya ce da shi za a riƙa kiransa. Kuma aka kira shi. Wani yaro a kujerar baya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ƙwala masa kira yana tambayar ko za a buɗe taga. Auta ta rufe ido tana jiran ƙarar mari. Da ta buɗe sai ta ga dattijon ne da kansa yake buɗe tagar.

Yarinyar da ke zaune kusa da ita, mai taunar cingam, ta leƙo fuskarta.

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata lau."

"To me kike rufe ido?"

"Ba komai."

Lokacin tara aka ce ana nemanta a ofis. Jami'ar shirin ce, wata siririya mai yawan murmushi, wadda ta tarbe ta a filin jirgi. Ta zaunar da ita, ta tambayi abinci, ta tambayi sanyi, ta tambayi barci, sannan ta zo kan abin da ya kawo ta.

"Uwar masaukinki ta kira ni ɗazu. Tana ganin ba kya jin daɗin zama da su."

"Ina ji."

"Ta ce ba kya kallon idonta. Ta ce ko sunanta ba ki taɓa faɗa ba. Kada ki damu, ba laifi kika yi ba, wani lokaci jini ne ba ya haɗuwa. Akwai wani gida a wani garin, da wata makarantar. Da yamma zan kira ta mu yanke magana."

Auta ta so ta ce jininsu ya haɗu, haɗuwar ce ma ta kawo matsalar. Ta lalubi kalmomin ta rasa. Ta ce, "Gidan yana da kyau."

"Ai ba gidan muke magana ba," in ji jami'ar, tana murmushi.

Daga ofis Auta ta nufi bayan ɗakin karatu ta kira Umma. Ta shirya yin kuka sosai, amma Umma ba ta ba ta fili ba.

"Gara da kika kira. Ke, baƙuwar nan taku! Jiya muna zaune da babanki ta fito tsakar gida ta kira sunana. Sunana na yanka, Auta, tiryan-tiryan! Babanki ya waiga yana neman wadda ake kira. Wallahi ya manta ni ce."

"Me kika yi, Umma?"

"Na amsa mana, ya zan yi? 'Yar mutane ce. Kuma ba ta da mugun hali, ita ta wanke mini kwanuka. Tarbiyyar ce dai sai a hankali." Ta ja numfashi. "Ke dai kada in ji, kada in gani. Matar nan uwa ce a gare ki. Kika kuskura kika kira sunanta, ba da yawuna ba. Ya makarantar?"

"Lafiya lau."

"Madalla. Ki riƙa sa safa."

Auta ta shiga banɗaki ta tsaya gaban madubi. Ta faɗi sunan a hankali. Ya fito lafiya, ba abin da ya faɗo daga sama. Ta sake faɗa da ɗan ƙarfi. Sai ta zana fuskar matar a ranta, da furfurar, da tabarau a kan hanci, ta buɗe baki. Ko iska ba ta fita ba. Mai cingam ta fito daga ɗaya ɗakin tana gyara siket, ta dube ta ta madubi.

"Wa kike kira?"

"Ba kowa."

"Ke kam komai ba komai, kowa ba kowa," in ji ta, ta wanke hannu ta fita.

Sauran darussan sun wuce ta kanta. An yi lissafi, an yi wani abu mai kama da tarihi, an ba ta makullin akwatin ajiye littattafai wanda ya ƙi buɗewa. Ita dai sunan take juyawa a baki kamar ƙwayar magani mai ɗaci, ta kasa haɗiyewa ta kasa tofarwa.

Da aka tashi ta tarar da motar a gefen titi. Ta shiga ta gaishe da matar da gajiya. Matar ta amsa, amma ba ta tada motar ba. Ta ɗora hannu biyu a kan sitiyari tana duban gaba.

"Jami'ar ta gaya miki?"

"Ta gaya mini."

"Ban yi fushi ba. Ni dai ba na so in tsare 'yar mutane a inda ba ta so. Aikina kullum kallon idon mutane ne, ke kuwa har yau ban san kalar naki ba." Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "Tawa 'yar tana can, kullum ina fata suna sonta. Na zaci ni ma zan iya riƙe tasu 'yar."

Auta ta buɗe baki. Yanzu ne, in za a yi. Ta ji sunan ya taso har maƙogwaro, ta ji muryar Umma ta danne shi. Hawaye suka zubo mata, abin da ya ƙara tabbatar wa matar da zarginta.

"Shi ke nan, daina kuka. Zan ce a nema miki wancan gidan." Ta zaro waya daga jaka. "Amma kafin nan zan kira mamarki da kaina, kada ta ji daga bakin ofis ta zaci korar ki na yi. Lambarta na nan, na ajiye ta da 'maman Auta'. Ba zan kira mace haka ba. Yaya sunanta?"

Auta ta kama igiyar jakarta tana murzawa.

"Sunan mamarki nake tambaya."

Auta ta dubi gwiwarta.

"Ba ki san sunan mamarki ba?"

"Na sani."

"To faɗa."

Wata motar makaranta ta wuce su, cike da yara suna ihu. Matar ta juyo gaba ɗaya a kujerarta, ta mayar da tabarau, ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Ita ma?"

"Ita ma."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka haife ni."

"Saboda me?"

Wannan karon kalmomin da ake buƙata ba su da yawa, kuma duk Auta ta san su.

"Uwata ce."

Matar ta sauke ido. Ta dubi wayar da ke hannunta kamar ba ta san wanda ya ba ta ba, ta jefa ta cikin jaka, ta ja zif. Ta tada mota ta hau titi, sigina na ta ƙyafta wa ɓangaren da ba can za ta ba. Suka wuce shagon tabarau, suka wuce gidan mai, suka wuce wata kwana, matar na ta jan hanci tana cewa wannan sanyin ba ya barin mutum lafiya.

Auta ta waiga ta gilashin baya.

"Mun wuce gida," in ji ta.

"Bari in juya," in ji matar.