Lemon Baba a Cikin Garwa

A gidanmu na birnin Sharja, a ƙasar Larabawa, ba a zubar da kwali. Na firji, na talabijin, har na tukunyar shinkafa, duk suna ninke a saman kabad suna jiran ranar tafiya. A nan aka haife ni, a nan na yi wayo, amma tun ina ƙarama na san zamanmu rataye yake a wuyan aikin Baba. Ranar da aiki ya ƙare takardar zama ta ƙare, sai filin jirgi.

Babana, Malam Tajussir, malamin lissafi ne. Daga Sudan ya zo yana saurayi, da ƙwayar lemon tsami a aljihu. Ya shuka ta a garwar man girki a baranda, in garwa ta yi tsatsa ya sauya wata. Bishiyar ta girme ni, amma ba ta wuce ƙuguna ba. Duk shekara sai ta yi fure, gida ya cika da ƙamshi, furen ya zube ba ɗa ko ɗaya. Da la'asar yakan zauna gefenta da gahawarsa mai citta, ya lumshe ido, ya ce yana jin motsin kogin Nilu. Na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta ce ke ɗiga, amma wa zai gaya masa?

"Kai da wannan bishiyar ban san wanda ya fi taurin kai ba," in ji Mama. "Ita ta ƙi haihuwa, kai ka ƙi haƙura."

"Batulu, ki bar ta. Baƙuwa ce, kunya take ji."

Sai makaranta ta ce Baba ya kai shekarun ritaya. Gidan da ya gina a garin Bahari can Sudan kuwa yaƙi ya bar shi ba rufi. Mama ta fara sauko da kwalaye ba tare da ta san inda za a kai su ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Ni injiniya ce a matatar da ke mayar da ruwan teku ruwan sha, kuma irinmu ƙasar ke zawarci. Akwai takardar zama ta shekara goma da ake ba ƙwararru, ba ta ɗaure da aikin kowa, mutum na iya sa iyayensa a ƙarƙashinta. Na nema, na zauna jira. A kwanakin nan ko a wurin aiki mafarki nake da ido biyu. Ina kallon ruwa na bin bututu, sai in ga saiwar lemon Baba ta fasa garwa, ta ratsa yashi, ta bi ta ƙarƙashin teku tana lalube har ta taɓa Nilu, bishiyar ta miƙe ta wuce dogayen benaye, lemo na faɗowa kan motoci.

Takarda ta fito. Mama ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na kama mana gida mai ɗan fili a baya, ranar da muka tare na ja Baba har filin.

"Baba, ga ƙasa. Ka saki bishiyar nan ta sha iska."

"To, Injiniya," ya ce yana dariya. "Yanzu ai ke ce uban gidana, sai yadda kika ce."

Washegari da safe na fito na tarar da ita a tsaye cikin ƙasa, an yi mata kewaye an ba ta ruwa, ganyenta na rawa. Daɗi ya cika ni har na ji ƙwalla. Na durƙusa in gyara ƙasar gindinta, sai yatsana ya bugi ƙarfe. Na share. Bakin garwa ne. Da garwarta ya binne ta.

"Haba Baba! Ta ina saiwar za ta fita?"

Yana zaune kan tabarma yana juya kofinsa. Bai ɗago ba.

"Shekara goma suka ce, Tumadir. Ta goma sha ɗaya fa? In an ce mu tashi, kin ga sai dai a ɗaga ta kawai."

Na buɗe baki zan yi faɗa. Sai na tuna kwalin sabon firjin da na ninke jiya da hannuna, na tura bayan ƙofa. Na jawo ƙasa na rufe bakin garwar.