Motar Dogo Ba Ta Kwana a Gida

Wani dare matar Dogo ta farka da wani sauti da ba ta taɓa ji a lungunsu ba. Kamar tsoho yana tari cikin ganga, kuma kamar ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Har cokula rawa suke cikin kwano. Ta shafa gefen gado, ba kowa.

A ƙofar gida ta same shi, zaune cikin a-kori-kurar da ya sayo, injin yana kunne, ya kifa kai a kan sitiyari.

"Maigida, lafiya? Kashe ta mana, mutane na barci."

"In na kashe ta, ba za ta tashi ba," in ji shi.

Aikin Dogo shi ne rabon burodi. Da sassafe yake ɗauka daga gidan burodi ya bi shaguna, kuma mai gidan burodin ba ya jiran kowa. Direbobi ne jibge a ƙofarsa suna neman aikin. Tsohuwar motarsa ta fetur ce, mai shan mai kamar an huda mata ciki. Kullum zancensa ke nan: mai dizal ta fi tsada wajen saye, amma man da wannan za ta sha a kwana, waccan sai ta yi kwanaki tana lasa. Yayan matarsa, wanda bakanike ne, ya ce masa, "Kai Dogo, tanki kake kallo. Ka tambayi kuɗin kayanta tukuna." Dogo ya yi dariya, ya sayar da tsohuwar, ya haɗa da duk abin da suka tara, ya sayo mai dizal ɗin.

Gaskiyarsa kuwa, ba ta shan mai. Sai dai ba a daɗe ba sitatarta ta mutu, ƙarfen nan da ke tayar da inji in an murɗa makulli.

Ita ma tsohuwar ta sha yin haka, ba wanda ya damu. Matarsa da Tela maƙwabcinsu su dafa ta, su ɗan tura, ta yi atishawa ta kama. Wannan kuwa da aka gwada, mazan lungu duka suka taru suna nishi, ta matsa kaɗan, Dogo ya saki kuloci, ta dafe kamar an kafa ta. Tela ya tafi riƙe da ƙugu yana cewa, "Ni ɗinki na koya, ba dambe da giwa ba."

Yayan ya zo ya leƙa ƙarƙashinta, ya goge hannu a wando. "Irin sitatarta sai an aiko da ita daga nesa, ƙanwata. Kuɗin kuma kada ma in faɗa, kar mijinki ya faɗi."

Haka motar ta koma kwana a kunne. Man da ta rage da rana, ta shanye shi da dare. Hayaƙi ya baƙanta labule, yara suka fara tari, maƙwabta suka daina amsa gaisuwa da kyau. Matar takan kwanta tana jin bugun injin a haƙoranta, har ta fara ganin kamar gidan ne ke numfashi. Ta ce a sayar.

"Wa zai sayi motar da ba a kashewa?" in ji Dogo. "In ma an saya, da me zan kai burodi gobe?"

Sai dabara ta zo masa. Can bayan gari akwai gangare mai tsawo da ke sauka zuwa wani busasshen rafi. In ya ajiye ta a sama ya sa dutse a taya, da safe sai ya cire dutsen, ta gangara da nauyinta, ta kama. Amma wurin ba gidaje, kuma ɓarayin batir ba sa hutu. Ya ɗauki bargo da filo ya koma can da kwana.

Lungu ya yi tsit. Abin mamaki, sai matar ta kasa barci saboda shirun. Kullum da yamma takan kai masa abinci a ƙafa, ta tarar da doguwar ƙafarsa ta leƙo ta taga, don kujerar ba ta ɗaukarsa. Yakan nuna mata allurar mai yana murmushi. "Dubi, ko motsi ba ta yi ba." Wuyansa kuwa ya karkace gefe guda, kamar mai sauraron wani abu.

Wata yamma ta dawo da kwanon, ta tarar da yayanta da Tela zaune a bakin shagon ɗinkin, suna kallon hadarin da ya fara haɗuwa ta gabas.

"Sannu, matar Dogo," in ji Tela. "Wai ni kam, in ruwa ya sauka gangaren nan ya zama laka, rafin kuma ya cika, a ina zai tayar da ita?"

Yayan ya sunkuyar da kai yana kankare baƙin mai daga farcensa. Ita kuma ta gyara riƙon kwanon, ta tsaya a bakin ƙofar gidansu.