Bencin Baba Yamusa

Tun tashar Jabi ba ta wuce rumfa biyu ba, Baba Yamusa ke dafa shayi da gahawa a gindin wani mangwaro. Ni kuma ina gefe da tandar waina.

Benci ɗaya ne a wurin, dogo, mai cin mutum takwas, kuma da dokarsa. Wanda ya zo sai ya zauna ta wajen tukunya, kowa ya matsa. Wanda matsin ya kai ƙarshe, to shayinsa ya ƙare, sai ya tashi ya tafi aiki, darakta ne shi ko maigadi. Kafin ka kai ƙarshen nan ka ji gidan da ake neman direba, ka ji yadda doya ta kwana a kasuwar Paikon Kore.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba a gida, 'yarsa Hafsah ta karɓi wurin. Ta mayar da shi shago, ta sa tayil, ta sayo injin kofi da kujeru masu laushi, ta turo mini bencin.

"Inna, ki riƙa ɗora kwanukanki."

Wata biyu, ciniki ya kwanta. Shago cike yake, amma ba mai tashi. Mutum ya sayi kofi ɗaya da safe, ya rungume waya har azahar. Direbobin tasha su leƙo, su ga ba wuri, su wuce. Hafsah ta fara zancen rufewa, sai dai ta rasa bakin da za ta gaya wa Baba.

Ran nan Abraham, tsohon direban wani gida a Maitama, ya karɓi shayinsa ya rasa kujera. Ya zo ya ture kwanukana ya zauna.

Na ce, "Oga Abraham, kayana fa?"

"Mama, wannan benci ya san ni kafin ya san kwanonki."

Alhaji Tawfiq, darakta ne a wata ma'aikata, ya hango shi, ya baro kujerarsa mai laushi. "Abraham, matsa."

Direbobi suka gani suka dawo. Kafin na juye waina sau biyu benci ya cika, Hafsah na ta kai da kawo da buta. Mutum na tara ya zo, Abraham ya miƙe. Sai ga mai gyaran takalmi da akwatinsa, ya yi sallama ya zauna, matsi ya iso kan Alhaji.

"Ban shanye ba fa."

Abraham ya ce, "Ranka ya daɗe, ofis yana kuka."

Haka Alhaji ya ƙarasa a tsaye, ana ta dariya.

Da rana Hafsah ta zo tana share gumi. "Inna, bencin nan zan karɓa."

"Kyauta fa kika ba ni, 'yar nan."

"To me kike so?"

"Kujera mai laushi. Bayana ya daɗe yana ƙorafi."

Ta kawo mini biyu. Maganar rufewa ba ta kai kunnen Baba ba. Yanzu kullum ta koma gida, tambayarsa ɗaya ce: "Yau wa aka ture?"