Ɗumin Motar Hammu

Tun da ƙanƙara ta fara zuba a garin Azru, Basu ya daina amsa gaisuwar Hammu. Layinsu ɗaya a tasha, amma fasinjoji sai su tsallake tasin Basu su cunkushe a akwalar Hammu, don cikinta ɗumi kamar gidan burodi. Ta Basu kuwa, ko ya murɗa hita har ƙarshe, sanyi take hurawa.

Ya yi ta haɗiye abin, har ranar da ya hango matarsa Itto a gidan gaba na motar Hammu, ta cire safar hannu tana ta dariya. Ya fizge ƙofar direba, ido jawur.

"Kai Hammu, wane boka ke maka aiki?"

"Ai kai ne bokan, ɗan'uwa. Ka manta da bazara ka ciro tamostat ɗinka ka yar, wai yana sa injin zafi? Shi ke tare ruwa har ya yi zafi, hita ta samu abin hurawa. Ni na tsince shi na ɗaura."

Itto ta ja mayafinta. "Maigida, rufe mana ƙofar, ɗuminka na fita."