Aji Uku Ya Fuskanci Ƙofa

A shekarar da mutanen Bama suka yi gudun hijira suka cika Maiduguri, takarda ta iso wa Malam Ajimi, hedimastan wata firamare a Lamisula, cewa duk malamin da ba shi da shaidar NCE a sallame shi. Mutum ɗaya abin ya shafa: Malama Hindu ta aji uku, wadda ta shekara ashirin da shida tana koyarwa da tsohuwar takardar horon malamai. Masu digiri kuwa har huɗu ne a makarantar. Ɗalibansu sun iya gaisuwa da Turanci, daga nan sai shiru.

Ranar Talata sufeto ya zo tantancewa, wani dattijo mai suna Pindar. Yana leƙa aji uku ya tsaya cak. An ciro allo daga bango an jingina shi a bakin ƙofa, yara tamanin duk sun fuskanci waje.

"Malama, wace kwaleji ce ta koya miki wannan tsari?"

"Babu, Yallaɓai. Yaran nan ta ƙofa aka shigo musu gida da bindiga. In ka sa sun ba ta baya, waiwaye za su yini suna yi."

Kunya ta kama Ajimi. Shi duk zatonsa iska take nema.

Pindar ya rubuta jimla a allo, ya zaɓi yara goma da kansa daga layin baya. Tara suka karanta. A aji biyar, wurin mai digiri, huɗu ne suka iya, sauran wuyansu na can a karkace suna waiwayen ƙofa.

A ofis ya daɗe yana juya fom.

"Hedimasta, babu gurbin da zan rubuta abin da na gani. Takarda kawai suke tambaya."

"To, a sallame ta ke nan?"

"Akwai layi ɗaya, na wanda ke kan karatu. In ta yi rajistar karatun NCE kafin Juma'a, ta tsira."

Aka kira ta. Ajimi ya yi mata bayani yana sunkuyar da kai, don ya san jikoki shida take riƙo.

"Hajja, karatun Asabar da Lahadi ne kawai."

Ta kakkaɓe alli daga hannunta.

"Zan je su koya mini koyarwa. Amma ranar Litinin kada wanda ya taɓa mini aji."