Ƙuri'ata a Taron Baba Onnig

"Ban yarda ba," na ce. Hannuna yana kan cinyata, na ƙi ɗaga shi.

Baba Onnig ya cire tabarau ya dube ni. "Binti," ya ce, wato 'yata da Larabci, "ai don ki yarda na shigar da ke."

"Kai ka ce kowane ɗan ƙungiya yana da ƙuri'a. To ga tawa."

Lahadin farko ce ta watan Maris, 2014, muna falonsa a hawa na goma sha ɗaya na dogon benen da muke haya a Alexandria ta jihar Virginia, a Amurka. Ƙofarsa tana kallon tawa. Kujerun ƙarfe bakwai na jera masa kamar kowane wata, biyar babu kowa a kansu. Siririn bututun iska yana hancinsa, injin yana huci a gefen kujera.

Shekararsa tamanin da bakwai, Ba'armeniye ne haifaffen birnin Halab na Siriya. A lif muka saba, ranar da ledata ta fashe, na yi salati, ya amsa mini da Larabci. Nawa na Islamiyya ne, nasa na kasuwa. Yakan ce in ina magana kamar ana karanta labarai a rediyo.

Shekara biyu ina dafa masa kofi ranar taro, tarihin ya zauna a kaina. Kakansa ɗan jam'iyyar Armenakan ne, wadda aka kafa a garin Van a 1885, lokacin Armeniyawa suna ƙarƙashin sarkin Turkawa. A ɓoye suke koya wa mutanensu karatu da kare kai. Aka yi kashe-kashen 1915, waɗanda suka tsira suka watse. A 1921 manyan jam'iyyar suka haɗe ta da wasu, aka sauya suna. Kakan ya ce shi ba a tambaye shi ba. Shi da abokansa suka kafa 'yar ƙungiya a Halab don riƙe tsohon sunan, suka buɗe littafi mai baƙin bango. Littafin ya je Beirut, ya zo Virginia.

Dokarsu ɗaya ce ta ɗaure shi. Ba a zartar da komai sai wani ya kawo shawara, wani ya goya masa baya, kuma littafin ba ya barin hannun magatakarda sai an rufe ƙungiya. Abokinsa na ƙarshe ya rasu shekara uku da suka wuce. Tun daga nan shi kaɗai yake buɗe taro, ya kira sunayen matattu, ya kawo shawarar rufewa, ya saurara, ya rufe taro. Da safen nan ya rubuta sunana da harufansu masu kama da ƙugiyoyi, ya ce magatakarda yana da ikon shigar da mutum.

"Kakanka bai rufe ba, kai ne za ka rufe?" na ce.

"Kakana yana da mutum arba'in. Ni ke kaɗai gare ni, ga taurin kai." Ya mayar da tabarau. "Na gaji, Saudatu."

Ni ma a gajiye nake, amma ban iya rufe abu ba. Da digirina na haɗa magunguna na zo daga Zariya. Sau uku na zauna jarrabawar lasisi, sau uku na faɗi. Ina tsaye awa tara a kantin magani ina ƙirga ƙwayoyi a ƙarƙashin yaran da na girma. Duk Juma'a Umma sai ta ce a waya, "Ki dawo gida haka nan." Ni kuwa in ce layin ba shi da kyau.

Bayan sati biyu Pauline ta tare ni a bakin lif. Nas ce da ake turo masa gida, 'yar Kafanchan, ba ta tauna magana.

"Ke 'yar Zariya, ashe ke kika hana tsoho tafiya?"

"Haba Anti Pauline, rai a hannuna yake?"

"Ba ya cin komai, ƙafafu sun kumbura, amma kullum tambayarsa saura kwana nawa Lahadin farko. Ki sake shi mana."

"In an rufe, sunayen fa? Mutum ɗari da goma sha huɗu."

"Guduwa za su yi? In ya tafi ba a rufe ba, manajan gidan nan ne zai rufe muku, da baƙar ledar shara. Na ga an yi, ba sau ɗaya ba."

Na ce mata ni ba a koya mini ja da baya ba. Ta ce, "To ki yi ta tsayuwa, gwarzuwa. Jikin wani kike tsayawa a kai." Lif ya zo, ta shige.

Lahadin farko ta Afrilu ba ya iya tashi. Ya sa na shigo da kujeru biyu ɗakin kwana, ya ce taro ba ya yiwuwa babu kujera. Pauline ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ya sa an ɗaura masa nektayi a kan rigar barci.

Ya buɗe littafin, ya fara kira. A suna na tara numfashi ya ƙwace masa. Yatsansa ya tsaya a kan layin.

"Garabed, malamin makaranta," na ce.

Ya juyo da ido.

"Sai Setrag maƙeri. Sai Arshag da ƙaninsa Mihran."

Ban iya karanta harafi ɗaya a littafin ba. Daga kicin na haddace su, kamar yadda na haddace izu biyar a gaban Malama. Na ja su har ƙarshe, yana bin layin da yatsa, yana gyara mini lafazi in na karkace. Na ƙarshe nawa ne. Na kira, na amsa da kaina.

Ya ɗaga yatsa daga layin. Sannan ya ce, "Ina kawo shawara a rufe."

Injin iska ya yi huci sau uku. Hannuna ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na ɗaga shi.

"Na goyi baya."

"An zartar," ya ce. Ya rubuta kwanan wata, ya ja layi, ya rufe bangon. "Pauline, cire mini wannan igiyar daga wuya."

Ranar Talata limamin cocinsu ya zo ya karɓi littafin da hannu biyu. Ranar Alhamis da azahar, ina kanti, Pauline ta kira ni, ta ce Baba ya cika. Na gama ƙirga ƙwayoyin da ke gabana, na rufe kwalbar, sannan na nemi izinin fita.

Da aka zo kwashe kayansa na ɗauki kujera ɗaya. Tana bakin tagata yanzu, littattafan jarrabawa a kanta. A ƙarƙashin mazauninta akwai wata 'yar takarda da aka manna tun da daɗewa, da suna a jiki, da harufan nan masu kama da ƙugiyoyi.