Baturen Malam Zakiyyu

"A sa mini Baturena," in ji Malam Zakiyyu, da muryar da sai an sunkuya ake jinta.

Ashafa, maƙwabcinsa da ya shigo dubiya, ya ɗaga kai ya dubi Hafizu, babban ɗan gidan. Hafizu ya ƙura wa wayarsa ido kamar ba a ɗakin yake ba.

Kaf Nasarawan Doya an san Baturen nan: wani mawaƙin karkarar Amurka mai malafa, mai murya kamar ta bijimin da ya ƙoshi. Tun Zakiyyu na tuƙa tarakta a Makarfi ya ji shi a rediyo, ya shiga tara kaset-kaset ɗinsa. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma hakan bai taɓa hana shi fassara ba.

"Ka ji, Ashafa?" yakan ce ta kan katanga. "Cewa yake ruwa ya ɗauke, matar kuma ta yi yaji. Wallahi mutumin nan ya riƙe fartanya."

"Ya riƙe bakinsa mana, mu huta," Ashafa kan amsa. Shekara da shekaru haka suke.

Yau ga shi Ashafan ne ya durƙusa ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Ya zare batir daga tocilarsa ya sa a rakoda. Ya ɗauki kaset, ya ji ta sakayau. Ya ɗaga ta saitin taga. Babu zare a ciki. Ya ɗauki wata, ya ɗauki wata. Duk kwanso ne.

Ya ja Hafizu zuwa tsakar gida. "Ina zaren?"

"Baba, tsuntsaye ne suka dame mu a shinkafa. Na ɗaura a fadama." Ya gyara hula. "Kuma fisabilillahi, mutum na wannan hali, kiɗa za a sa masa? Me jama'a za su ce?"

Ashafa ya lura tsuntsayen sun riga fatawar zuwa, amma bai faɗa ba.

"To nemo shi a wayarka. Ku ai babu abin da ba kwa tonowa."

"Ya sunansa?"

Ashafa ya juya kwanson da ke hannunsa. Kwafin kaset ne na kasuwar Zariya, babu hoto, babu suna, sai rubutun Zakiyyu da biro: Na damina. A wani kuma: Na baƙin ciki. Duk tsawon zamansu bai taɓa tambaya ba. Suka koma suka tambayi marar lafiyar. Ya motsa leɓe, ya fitar da wani abu da bai yi kama da sunan kowa ba.

Ummulhairi, matarsa, ta yi ƙasa da murya daga bakin ƙofa. "Ku ce masa batir ne."

"Batir ne, Malam," in ji Ashafa. "Ranar kasuwa zan sayo sabo."

"Kai?" Zakiyyu ya yi ɗan murmushi. "Kai da ka tsane shi? To, ka fara sa na damina."

Bai kai ranar kasuwa ba. Washegari da hantsi ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

A wurin jana'iza Hafizu ya riƙa shaida wa kowa, "Alhamdulillahi, Baba ya rabu da kaɗe-kaɗen nan kafin ya koma ga Allah." Jama'a na cewa masha Allah. Ashafa ma ya motsa baki, don kada a ce.

Da aka taso daga maƙabarta ya bar ayari, ya ratsa ta fadama. Ga zaren nan an ja shi daga kara zuwa kara, baƙi, yana walƙiya a rana. A ƙarƙashinsa tsuntsaye na ta cin shinkafarsu hankali kwance. Iska ta taso, zaren ya ɗauki wani siririn amo.

Ashafa ya cire takalmi, ya shiga cikin taɓo, ya kasa kunne.